Ƙaura da Maciji a Mota: Zafi Ne Babban Abokin Gaba

A watan Afrilu na shekarar 2023 wani tsohon ɗalibina ya yi sallama a ofishina riƙe da buhu. Bayan mun gaisa sai ya durƙusa ya ajiye buhun a gabana, bai ce uffan ba. Da na kwance sai na ga ƙaramar mesa, tsawonta bai fi mita 1 da 'yan kai ba, ta sandare, bakinta a buɗe. Shekara 6 ya yi yana kiwonta. Canjin wurin aiki ne ya taso shi daga Jos zuwa Kano, ya loda kayansa a mota, ya sa mesar cikin akwatinta na gilashi a but, ya kama hanya da hantsi. A hanya ya tsaya ya yi sallar azahar, ya ci abinci, abin da bai wuce minti 40 ba.

Ya ce, "Wallahi Malam ko taɓa ta ba a yi ba. Lafiyarta ƙalau muka taso. Me ya kashe ta?"

Na ce masa rana ce ta kashe ta, mota kuma ta taya ta.

Na san mai karatu zai iya cewa, to mene ne abin jimami don maciji ya mutu? A ƙasar Hausa in an ga maciji sanda ake nema, kuma in ban da gardawa masu wasa da shi a kasuwa, da 'yan kaɗan daga cikin ɗaliban ilmin halittu, ba kasafai ake samun mai ajiye shi a gida ba. Amma a Amurka da Ingila da Jamus da Japan kiwon maciji al'ada ce da ta kafu, kamar yadda muke kiwon tattabaru ko zomaye. Abin mamaki kuma shi ne, ɗaya daga cikin macizan da suka fi farin jini a wurinsu 'yar ƙasarmu ce. Ita ce ƙaramar mesa mai dunƙulewa, wadda masana ke kira Python regius. Asalinta dazuzzukan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ne, daga Senegal har zuwa Uganda, kuma shekaru da dama ana fitar da ita zuwa ƙasashen waje daga Ghana da Togo da Benin. Ba ta da dafi, ba ta da faɗa. In ta tsorata sai ta nannaɗe ta zama ƙwallo, ta cusa kanta a tsakiya. Takan rayu shekara 20 zuwa 30 a hannun mai kula, har ma a shekarar 2020 gidan namun dajin birnin St. Louis a Amurka ya ba da labarin wata mai shekara 62 da ta saka ƙwai. Dabbar da za ta yi wannan daɗewa a hannun mutum, babu makawa wata rana sai an tashi gida da ita. Saboda haka da ita zan yi misali, ko da yake yawancin bayanin ya shafi sauran macizai marasa dafi.

Jikin da ba ya hura wutarsa

Duk wanda zai ɗauki maciji a mota, tunaninsa na farko shi ne kada ya kuɓuce ya sari wani. Wannan tunani bai ɓaci ba, amma haɗarin da ya fi girma yana kan macijin ne, kuma tushensa yana cikin yadda aka gina jikinsa.

Jikin ɗan Adam tamkar murhu ne da ba ya mutuwa. Abincin da muke ci shi ne itacen, zafin jikinmu kuma yana tsaye a wajen digiri 37 a ma'aunin Selshiyas, ko ana hunturu ko ana bazara. In zafi ya yi yawa sai mu yi gumi, iska ta busar da shi, jiki ya huce. Kare ba ya gumi sosai, amma yakan zaro harshe ya yi ta haki. Maciji ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan dabaru ta yadda za su cece shi. Zafin da jikinsa ke samarwa kaɗan ne ƙwarai, don haka zafin wurin da yake shi ne zafin jikinsa. Turawa kan ce jininsa mai sanyi ne, amma wannan suna yana ɓatar da mutane, domin macijin da ya kwanta a kan dutse da tsakar rana jininsa na iya fin naka zafi. Dabararsa guda ɗaya ce, wato sauya wuri. In ya ji sanyi ya fito rana, in ya ji zafi ya shige rami. Ƙaramar mesa a daji takan wuni ne cikin ramin ɓera ko cikin suri, inda ƙasa ke tare mata zafin rana, sai dare ya yi ta fito farauta.

To, ran da ka sa ta a akwati ka rufe, ka ƙwace mata wannan dabara guda. Daga nan kai ne raminta, kai ne inuwarta.

Masu kiwonta sukan tsara mata gida mai ɓangare biyu, ɗaya mai ɗumi wajen digiri 31 zuwa 33, ɗaya kuma mai sanyi wajen 25 zuwa 27, ta zaɓi inda take so. Idan zafin jikin maciji ya haura digiri 40 da 'yan kai, ya kuma daɗe a haka, sinadaran da ke gudanar da aikin ƙwayoyin jikinsa sukan fara lalacewa, kamar yadda farin ƙwai ke daskarewa a kan wuta, kuma abin da ya daskare ba ya komawa ruwa. Da farko za a ga yana ta kai-komo yana neman mafita, sa'an nan ya buɗe baki, sa'an nan ya kasa riƙe kansa. Wannan buɗaɗɗen bakin ne na gani a cikin buhun ɗalibina.

Yanzu mu dubi mota. Hasken rana yana ratsa gilashi ya faɗa kan kujeru da dashbod, su ɗauki zafi, zafin kuma ya rasa hanyar fita. A shekarar 2005 wasu masu bincike a Kalifoniya, ciki har da likitocin Jami'ar Stanford, suka buga sakamakon awon da suka yi wa mota a tsaye cikin rana, a ranakun da zafin waje yake tsakanin digiri 22 da 36. Sun samu cewa cikin awa 1 zafin cikin motar yakan ƙaru da kimanin digiri 22, kuma kashi 80 cikin 100 na wannan ƙari yana faruwa ne a minti 30 na farko. Sauke gilashi kaɗan bai kawo wani sauƙi na a zo a gani ba. Domin yara ƙanana da ake mantawa a mota aka yi binciken, amma darasin ɗaya ne. Mai karatu ya yi lissafi da kansa: a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, inda zafin Afrilu kan kai digiri 40 a inuwa, nawa cikin mota zai kai kafin mutum ya idar da salla ya ci abinci? But kuwa ya fi muni a wurina, domin sanyin na'urar sanyaya mota ba ya isa can, iska ba ta zagayawa, salansa tana ƙarƙashinsa, hayaƙi kan iya shiga, kuma idonka ba ya ganin abin da ke faruwa.

Sanyi ma yana da nasa lahanin, sai dai yana ba da lokaci. Lokacin da nake karatun digiri na uku a Ingila na taya wani abokin karatuna tashi daga gida a watan Janairu, ƙanƙara na zuba. Shi damuwarsa duk a kan sanyi take, don mesar da ta kwana cikin sanyi takan kamu da ciwon huhu bayan 'yan kwanaki. Sai da ya tayar da mota ta yi ɗumi sosai kafin ya fito da akwatin. A nan gida ma wanda zai taso daga Jos da asuba cikin hunturu yana bukatar irin wannan kula. Amma in za a yi kuskure, gara a yi shi ta wajen sanyi. Mesar da ta yi 'yan awoyi a digiri 22 za ta yi lagwas ne kawai, ta farfaɗo. Wadda ta yi rabin awa a digiri 45 ba ta dawowa.

A tafi da ciki wayam

Abu na biyu shi ne abinci. Tausayi kan sa mutum ya ce bari in ciyar da ita ta ƙoshi kafin doguwar tafiya. Wannan tausayi cuta ne. Narkar da abinci a wurin mesa babban aiki ne da ke girgiza dukkan jikinta. A shekarun 1990 masana biyu a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, Stephen Secor da Jared Diamond, sun yi nazarin babbar mesar ƙasar Bama, suka ga cewa in ta haɗiye abinci mai girma ƙwarai, yawan iskar oksijin da jikinta ke sha kan ninka har sau 40 a kan na lokacin da take hutawa. Cikinta, wanda ba ya fitar da ruwan tsami lokacin da babu abinci, sai ya cika da ruwa mai narkar da ƙashi, hanjinta kuma ya kumbura ya ƙara nauyi cikin kwana 2 ko 3. A wannan hali tana bukatar ɗumi da natsuwa. In aka tsorata ta, ko aka jijjiga ta, ko sanyi ya kama ta, sai ta amayar da abin da ta ci. A daji wannan dabara ce ta rage nauyi don ta tsere wa maƙiyi. A cikin ɗaurarriyar jaka kuwa masifa ce, domin ruwan tsamin yana ƙone mata maƙogwaro, za ta iya shaƙar aman, kuma sai ta yi makonni kafin cikinta ya daidaita.

Saboda haka a daina ba ta abinci kamar mako 1 kafin ranar tafiya. Kada a ji tsoron yunwa. Ƙaramar mesa takan ƙi abinci da kanta watanni, musamman lokacin sanyi, ba tare da ta rame sosai ba. Ruwa dai a bar mata shi har safiyar tafiya. In kuma an ga idanunta sun yi hazo-hazo, fatarta ta dushe, to tana shirin yin saɓa ke nan, ganinta ya ragu, tsoronta ya ƙaru. In da hali a jinkirta tafiyar sai ta gama.

Jaka da akwati

Akwatin gilashin da take zaune a ciki ba na tafiya ba ne. Gilashi yana tara zafi, yana fashewa, kuma duk abin da ke ciki, da kwanon ruwa da dutse da reshen itace, in aka taka birki da ƙarfi sai ya zama makami. A kwashe shi, a wanke, a ɗaure shi tare da sauran kaya.

Ita kuwa mesar, a sa ta cikin jakar yadin auduga mai ƙarfi, irin rigar matashin kai. A nan gardawa sun riga mu, don tun kaka da kakanni a cikin jaka ko ƙwarya ko ɗan akwati suke yawo da macizansu. Dalilin a fili yake ga wanda ya san rayuwarta: dabbar rami ce, in ta ji duhu, ta ji abu yana taɓa jikinta ta ko'ina, sai hankalinta ya kwanta. Faɗin wuri da muke ganin alheri ne, ita a wurinta tsirara ce. Sai dai a juya jakar baibai, ɗinkin ya koma waje, don kada zare ya naɗe mata wuya ko ya maƙale a haƙoranta. A bi kusurwoyin da yatsa a tabbata babu ɓula, domin maciji in ya sami inda hancinsa zai shiga, zai yi ta turawa sai ya faɗaɗa shi. A murɗe bakin jakar, a lanƙwasa, a ɗaure tamau, bayan an tabbatar kanta da jelarta suna can ƙasa. Buhun leda irin na taki ko na shinkafa bai dace ba. In macizai biyu ne, kowa da jakarsa.

Jakar kuma a sa ta cikin abu mai tauri wanda ba ya barin zafi ya ratsa da sauri. Kular roba irin ta zuba abinci ko ƙanƙara ta wadatar, in an huda mata 'yan ƙananan ƙofofi a murfi da gefe. Kada a damu da cewa iskar ba za ta isa ba, domin macijin da ke hutawa bai fi shan kashi 1 cikin 10 na iskar da dabba mai shayarwa mai nauyinsa ke sha ba. Abin da za a kiyaye shi ne danniya. Maciji ba shi da tantanin nan da ya raba ƙirji da ciki wanda muke jan numfashi da shi, da haƙarƙarinsa yake numfashi. In kaya suka danne shi, numfashin ya tsaya. A cike gefen jakar da tawul ko dunƙulallun jaridu don kada ta yi ta gangarawa, a rufe murfin da maɗauri.

Akwai wani amfanin tawul ɗin da ba kowa ya sani ba. Maciji ba shi da kunne a waje, shi ya sa ake cewa kurma ne, amma yana da kunnen ciki wanda ke haɗe da ƙashin muƙamuƙinsa. A shekarar 2012 masana a Jami'ar Aarhus ta ƙasar Denmark sun gwada jin wannan ƙaramar mesa tamu, suka samu cewa ta fi jin sauti mai kauri, wanda ke kaɗawa sau 80 zuwa 160 a daƙiƙa, kuma tana jin sa ne ta hanyar girgizar da yake sa wa ƙashin kanta. Rugugin inji da gurnanin taya a kan kwalta da dukan gangar rediyo duk irin wannan sauti ne mai kauri. Shimfiɗa mai laushi a ƙarƙashin akwatin tana rage shi, rage muryar rediyo ma haka.

A kan hanya

Mazaunin akwatin shi ne kujerar baya, a ɗaure shi da bel, a yafa masa farin zane ta wajen da rana ke shigowa. Wasu kan ajiye shi a ƙasa bayan kujerar direba, amma a fara sa hannu a ji, don a wasu motocin wurin yana ɗaukar zafin salansa. Kada iskar na'urar sanyi ko ta ɗumi ta riƙa bugunsa kai tsaye. Abin da ya fi komai amfani, kuma ba shi da tsada, shi ne ɗan ma'aunin zafi mai waya: a zura kan wayar cikin akwatin, a ajiye agogonsa inda ido zai gani, a riƙe shi tsakanin digiri 24 da 29. In ya fara hawa, a naɗe gorar ruwan sanyi da tawul a sa a gefe guda. In ya sauka, gorar ruwan ɗumi. Ko wacce ce kada ta taɓa jakar, domin maciji kan kwanta a kan abu mai zafi har ya ƙone bai matsa ba. A ƙasashen sanyi ana sayar da wasu 'yan ƙunshin ɗumi masu garin ƙarfe a ciki, waɗanda ke ba da zafi yayin da ƙarfen ke tsatsa. Wannan tsatsa tana cin oksijin, don haka mai amfani da su sai ya ƙara ƙofofin iska.

Lokacin bazara a yi sammako, ko a yi tafiyar yamma. In za a tsaya, ko dai wani ya zauna a motar na'urar sanyi na aiki, ko a fito da akwatin a ajiye a inuwa kusa da kai. Ni ban yarda da "minti biyar kawai" ba, don ban taɓa ganin minti biyar ɗin matafiyi da bai zama ashirin ba.

Kada a buɗe jakar cikin mota ko da wasa. Maciji in ya fita, wurin da yake nufa shi ne bayan dashbod, inda ke da duhu da ɗumi da wayoyin da zai nannaɗe. Nan ya zama ƙadangaren bakin tulu: a ja shi da ƙarfi a karya masa ƙashin baya, a bar shi a yi tuƙi cikin fargaba, kuma ba kowane bakanike ne zai yarda ya kwance maka dashbod in ya ji abin da ke ciki ba. Haka nan a rubuta a jikin akwatin cewa maciji ne mai rai, marar dafi. A shingen bincike kuma a faɗa wa jami'i tun kafin ya kai hannu. Shi ma abokin tafiya haƙƙinsa ne ya sani tun daga gida, shi ya sa ban ga dacewar shiga motar haya da irin wannan kaya ba.

Duk wannan bayani kan marasa dafi ne. Kububuwa da kasa da gamsheƙa da kumurci ba dabbobin gida ba ne, ɗaukarsu aikin ƙwararru ne masu kayan aiki da izini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa saran maciji yana kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 a kowace shekara, kuma wanda ya taɓa leƙa asibitin masu saran maciji da ke Kaltungo a Jihar Gombe lokacin damina ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

Iyaka da doka

Ƙaramar mesa tana cikin rukuni na 2 na yarjejeniyar CITES, wadda aka sa wa hannu a Washington a 1973 don sa ido kan cinikin namun daji tsakanin ƙasashe. Ma'anarsa, wanda zai tsallaka da ita daga Katsina zuwa Maraɗi yana bukatar takardar izini, kamar dai mai kai ta Landan. Nijeriya ta kafa tata dokar a kan haka, mai lamba 11 ta 1985, aka yi mata gyara a 2016. Tun kafin a ɗaure kaya ya kamata a tuntuɓi ma'aikatar muhalli. A Amurka kowace jiha da nata hukuncin, har jihar Hawaii ta haramta ajiye maciji a gida ɗungurungum.

Wanda kuma ya ga ɗawainiyar ta yi masa yawa, kada ya saki macijin a inda ba ƙasarsa ba. Mesar Bama da aka kai Amurka don kiwo, wasu suka kuɓuce wasu aka sake su, ta hayayyafa a fadamar Everglades ta jihar Florida, har wani bincike da aka buga a 2012 ya nuna wasu ƙananan dabbobin wurin sun kusan ɓacewa daga ganin ido. A nema masa wani mai kiwo, ko gidan namun daji, ko sashen ilmin halittu na wata jami'a.

Sabon gida

Da an isa, gidan mesar ne farkon abin da za a haɗa, kafin gado da tukwane. A mayar mata da tsohon maɓoyinta ba tare da an wanke shi ba, domin da harshe take sanin wuri, kuma ƙanshin da ta saba da shi zai kwantar mata da hankali. A zuba ruwa, a daidaita ɗumi, a buɗe bakin jakar a cikin gidan, a bar ta ta fito don kanta. Sa'an nan a wanke hannu da sabulu, saboda macizai kan ɗauki ƙwayar cutar salmonela a hanjinsu ba tare da ta dame su ba, alhali tana sa wa mutane gudawa da zazzaɓi, musamman yara. Mako guda kada a ɗauke ta, kada a ba ta abinci, kada a tara maƙwabta kallo.

Saura abu ɗaya da ya shafe mu musamman. Al'adarmu ce in za a tare a sabon gida a fara feshe shi da maganin sauro da kyankyaso, sau da yawa da fiya-fiya, a rufe ƙofofi da tagogi. Gubar da ke cikin irin wannan magani jijiyoyi take kamawa, kuma dabbar da ke kwance a ƙasa, tana lasar iska da harshe, cikin akwatin da iska ba ta ratsa shi sosai, ita ce ta fi kowa shaƙarta. A tambayi mai gidan ko wanda ya share shi yaushe aka yi feshin ƙarshe. In bai daɗe ba, a buɗe tagogi, a goge daɓen da ruwa da sabulu, a ajiye mesar a wani ɗakin da ba a fesa ba har sai warin ya fita sarai.